Ƙararrawar Aulis Rekola

A garinmu Kuuramäki ba wanda ke kiran kamfanin waya da sunansa. Kamfani kawai ake cewa, kowa ya san wanda ake nufi, domin in ba kai ke aiki a can ba, to matarka ce ko maƙwabcinka. Ni shekara ashirin da biyu na yi ina kula da saunar Kamfani, wato ɗakin wankan turiri, da ke bakin tafki. In faskara itace, in hura wuta har duwatsu su ɗauki zafi, in wanke benci bayan manya sun gama zufarsu. Sunana Taisto Hynninen. Iyayena 'yan yankin Kareliya ne, inda aka san mutane da surutu, shi ya sa nake da baki. A nan yankinmu na Häme kuwa mai baki kallon mai lalura ake yi masa, har a riƙa tausaya wa iyalinsa.

Ƙanwata Tuovi ɗan gari ta aura, wani injiniya mai suna Aulis Rekola. Ranar bikinsu da aka ce ango ya yi jawabi, sai ya miƙe, ya gyara kwat, ya ce, "To," ya zauna. Danginsa suka yi ta gyaɗa kai. Wata gwaggonsa har da share hawaye, wai ba ta taɓa ganin ya saki jiki haka a cikin mutane ba. Tun ranar nake fama da surukin nan nawa, ina sonsa, yana ba ni haushi.

Wayoyin Kamfani duka da manhaja ɗaya suke aiki, wadda 'ya'yan ƙasar nan suka rubuta da hannunsu, ana kiranta Kataja. A cikin Kataja akwai wani ɗan lungu da yake na Aulis shi kaɗai, wato ƙararrawar tashi daga barci. Ba irin ta kowa ba ce. Ko ka kashe wayar ɗungurungum ka jefa ta a aljihun tebur, lokaci na yi za ta farka da kanta ta tashe ka, sannan ta tambaye ka cikin ladabi ko ta koma barcinta. Shekara goma sha biyu Aulis yana gadin wannan abu. Sau uku ana yi masa tayin ƙarin girma yana ƙi, don kada ya tashi daga kujerar wani ya taɓa masa ƙararrawa.

Wata Juma'a a watan Fabrairu aka tara ma'aikata a ɗakin cin abinci. Ni ba a gayyace ni ba, amma na ji an ce za a raba burodin kirfa kyauta. Aka kunna babban allo, sabon shugaban da aka ɗauko daga ƙetare ya bayyana, ya ce Kataja ta tsufa, duniya ta wuce ta bar ta a baya. Daga yanzu wayoyinmu da manhajar wani kamfanin ƙetare za su yi aiki. Mutum ɗari uku ne a ɗakin, ba wanda ya ce uffan. Na dai ga Aulis ya ajiye burodinsa bai cinye ba, sai na san abin ya kai masa har zuci.

Bayan kwana goma aka kawo samfurin sabuwar wayar. Aulis ya saita ƙararrawa a ƙarfe biyu na rana, ya kashe wayar, ya ajiye ta a tsakiyar tebur. Injiniyoyi shida suka kewaye ta, kowa ya naɗe hannu a ƙirji. Biyu ta yi, shiru. Suka ba ta har ƙarfe uku, wai ko makara ta yi.

Da yamma ya same ni a rumbun itace. Ya tsaya yana kallon gatarina kusan minti biyar.

"Aulis, mutuwa aka yi ko gatarin kake so ka aura?" na ce.

"Sabuwar ba ta farkawa," in ji shi.

"To ka gaya musu mana."

"Na rubuta."

Ya kuwa rubuta, shafi arba'in har da zane. Amsar da ta dawo cikin daƙiƙa biyu ta ce ana godiya da sha'awar da ya nuna. Orvokki Lehmusto, shugabar ƙungiyar ma'aikata, ita ta gano inda maganar take. Akwai jerin abubuwan da za a kwaso daga Kataja a saka wa sabuwar waya, jerin kuma yana hannun wani mataimakin shugaba, Mista Darren Whitlock. Zai zo garinmu ranar Alhamis na yini ɗaya, ranar Juma'a ya rufe jerin. In ƙararrawar ba ta shiga ba, ta tafi ke nan har abada. Mutumin kuma, in ji Orvokki, ba ya karanta abin da ya wuce layi uku. Sai dai a gaya masa baki da baki.

Aulis ya ji haka, fuskarsa ta yi fari kamar an ce ya fito rawa a kasuwa.

Kafin zuwan baƙon, ƙungiya ta kira taro don a nuna wa Kamfani fushi. An ji labari a wani reshe ma'aikata sun fice daga ofis gaba ɗaya, amma namu suka ce ficewa da rana tsaka rashin tarbiyya ne. Aka yi zazzafar muhawara, wadda na ƙirga jimla huɗu a cikinta, daga nan aka yanke shawara. Daga Litinin za a shiga yajin shiru. Ba wanda zai ƙara yi wa manaja ko wani babba magana.

Na ɗaga hannu. "Orvokki, ta yaya za su san an fara?"

"Za su ji a jikinsu," ta ce. "Zauna, ɗan Kareliya."

Litinin ta wuce, Talata ta wuce, ba wanda ya ji komai a jikinsa. Manajan reshenmu shi ma ɗan Häme ne. Daga baya ya gaya mini wai a makon nan ya ga mutane sun fi sakewa da shi, tunda har cikin ido suke kallonsa. Ranar Laraba ƙungiya ta tsananta yajin, aka hana gyaɗa kai. A ranar ne ma wani a sashen gwaji ya ji labarin ana yaji, ya duba ya ga ashe tun Litinin yake ciki bai sani ba. Ni kaɗai na sha wuya. Orvokki ta ce in shiga don haɗin kai, na daure har sha ɗaya saura, daga nan na gudu rumbu na yi wa itace hira.

Alhamis Mista Whitlock ya iso, dogo, haƙora reras a waje. Tun daga ƙofa yake cewa a kira shi Darren kawai. Ya rungume mai gadi, bawan Allah sai da ya nemi izinin komawa gida ya kwanta. A ɗakin cin abinci ya yi magana ta minti arba'in a kan makoma da dama da sabuwar tafiya. Mutum ɗari uku suka kafe shi da ido, baki a ɗinke, wuya a sandare. Na hango Orvokki tana kumbura don alfahari, yaji ya kai inda ake so.

"Akwai mai tambaya?" in ji shi.

Orvokki ta riga ta ba Aulis hutun yaji na minti biyar, yana zaune a layin gaba da 'yar takarda a hannu. Ya ɗan ɗago daga kujera. Whitlock ya nuna shi da murna ya ce, "Yauwa, abokina, ina jinka." Aulis ya ƙarasa miƙewa, ya gyara wandonsa, ya koma ya zauna.

Whitlock ya dafa ƙirji. Ya ce ya zaga rassa bakwai, an yi masa ihu, a wani wurin har da jifa da ƙwai, amma bai taɓa ganin dattako irin namu ba. Ya ce wannan shirun namu shirun amincewa ne, zai kai labari har gaban shugaba. Ya tafa mana shi kaɗai. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wa zan shaƙe tsakaninsa da surukina.

Saura dama ɗaya. Ba a taɓa yin babban baƙo a Kamfani ya tafi filin jirgi bai shiga sauna ba, kuma sauna tawa ce. Na gaya wa manaja ƙarfe shida za a shiga, na gaya wa baƙo ƙarfe huɗu. Sannan na kamo Aulis a bakin matakala.

"Mu uku ne kawai, ni da kai da shi," na ce. "A ciki ba kwat, ba muƙami, kowa tsirara yake kamar yadda uwarsa ta haife shi. In ba ka yi magana a nan ba, wallahi zan gaya wa Tuovi ta auri kututture."

"Ta sani," ya ce.

Ƙarfe huɗu Whitlock ya shigo da gajeren wando da agogo da gorar ruwa ta roba. Na ce ya zauna a bencin ƙasa, ya ce a'a, jagora a sama yake zama. Ya haye can ƙoli inda zafi ke taruwa, ya ci gaba da surutu, abin da ko ni mai baki ba na yi a sauna. Ya ce ya karanta a jirgi cewa namiji ba ya cewa zafi ya isa. Ban gyara masa ba. Na miƙa wa Aulis bokiti da ludayi, don ya samu abin riƙewa, kuma wannan shi ne kuskurena na farko.

Aulis ya ja numfashi, ya buɗe baki, ya kalli baƙo. Maganar ta zo har maƙogwaro ta tsaya. Sai ya ɗebi ruwa ya watsa wa duwatsu, turiri mai zafi ya tashi.

"A ƙara?" ya ce, kamar yadda mai ludayi ke tambaya.

"A ƙara, abokina," in ji Whitlock.

Ya sake buɗe baki, ya sake watsa ruwa. Haka aka yi ta yi. Duk lokacin da ƙarfin halinsa ya gaza, duwatsu ne ke shan ruwa. A ludayi na huɗu Whitlock ya cire agogo, don ya fara gasa masa hannu. A na shida jimlolinsa suka gajarta. A na takwas ya daina maganar makoma, ya tambaya ko a nan ana yawan mutuwa. Ni kaina da na shekara ashirin da biyu a ɗakin nan, a na tara na sauko ƙasa na cusa kai tsakanin gwiwoyi na rufe kunnuwa da tafin hannu. Turiri ya cika ɗakin har ba ka ganin ƙafarka.

A ludayi na goma sha biyu ruwan bokiti ya ƙare. Aulis ya ƙwanƙwasa gindin bokitin, ba komai. Ba sauran wurin ɓuya. Na saki kunnuwana sai na ji murya a cikin turirin, a hankali, da Turancinsa na injiniya.

"Mista Whitlock. Shekara goma sha biyu da suka wuce matata ta kwanta a asibiti wata biyu. Ba a barin waya a kunne a ɗakin, saboda na'urori. Ba a barin miji ya shiga sai ƙarfe biyu na rana. Ni kuwa tun da muka yi aure, ƙarfe shida nake kai mata gahawa. Ba na cewa komai. Ƙarar kofin a kan tebur ce ke tashinta."

Ya ja numfashi ya ci gaba.

"A asibiti ta ce mini ba ta sanin safiya ta yi, duk kwanakin sun zama ɗaya. Tana kuka. Ban san abin da zan ce mata ba. Sai na koma ofis na zauna mako uku ina haɗa ƙararrawar nan. Na kai mata waya a kashe, ma'aikaciyar jinya ta duba ta ga a kashe take, ta bari. Washegari ƙarfe shida wayar ta yi ƙara. An yi mini faɗa sosai. Matata ta warke. Ban ce ƙararrawa ce ta warkar da ita ba, likitoci ne. Amma akwai mutane da yawa a duniya da ba su iya magana ba, Mista Whitlock, kuma su ma suna da wanda suke so ya san sun tashi. Layi ɗari huɗu ne kawai a cikin manhaja. Ba ya cin batir. Don Allah ku bar shi."

Ni yayan Tuovi ne, ni na yi ta jigilar miya zuwa asibitin nan, amma ban taɓa sanin wannan ba. Kuka na yi, ba na ɓoyewa, a sauna dai ba mai bambance hawaye da gumi.

Muka jira amsa. Aulis idonsa a rufe, hannu biyu riƙe da ludayi. Turiri ya fara sauka a hankali, bangon katako ya fito, bencin sama ya fito. Ba kowa a kai sai gorar roba da ta lanƙwashe.

A waje muka same shi, zaune daɓas a cikin dusar ƙanƙara da gajeren wandonsa, ja wur, hayaƙi na tashi daga kansa. Direbansa ya ce tun kusan minti goma ya ga ya rarrafo da hannu da gwiwa. Aka lulluɓe shi da bargo aka cusa shi a mota. Kafin a rufe ƙofa ya kamo hannun Aulis, muryarsa a shaƙe.

"Ku mutane ne na musamman. Kamar ɗazu akwai abin da kake so ka gaya mini, ko?"

Aulis ya dube shi. Maganar shekara goma sha biyu ce ya zazzage a ciki, ko ɗigo bai rage ba. Leɓensa ya motsa sau biyu.

"A sauka lafiya," ya ce.

Nan na yi tsalle na shiga tsakani, daga ni sai tawul, na ce ni zan faɗa. Kuskurena na biyu ke nan. Ni ban iya fara labari daga tsakiya ba. Na fara daga yadda iyayenmu suka baro Kareliya da saniya ɗaya, don ya fahimci wace ce Tuovi. Ina isowa shekarar da ta gama makaranta direba ya ce jirgi ba ya jira, gilashi ya hau sama, mota ta tafi. Ranar Juma'a aka rufe jerin. An ɗauko launin allo da wani wasan ƙwallo, ba a ɗauko ƙararrawar Aulis ba.

Muna sa kaya a ranar Aulis ya ce mini, "Kada ka gaya wa Tuovi."

"Haba, ni ɗin?" na ce. "Bakina ƙanin ƙafata."

Na riƙe alkawarin nan har safiyar Asabar. Na je gidansu na tarar ya fita share hanya, ita kuma tana murza ƙullin fanken shinkafa irin na mahaifiyarmu. Na zauna na kwashe mata komai, har da yawan ludayi. Ba ta daina murzawa ba.

"Kana tsammani ban sani ba?" ta ce.

"Ya gaya miki?"

"Aulis? Ya miƙo mini wayar ya ce wai gwaji ne na ofis. Gwajin ofis, ƙarfe shida daidai. Taisto, ciwo na yi, ba hauka ba."

"To ke me ya hana ki yi masa maganar?"

"Jira nake ya fara." Ta buga ƙullin a kan katako. "Tun da na dawo gida kullum nake kashe wayar kafin in kwanta, don kada ransa ya ɓaci. Shi kuma ya lallaɓo da kofi kamar ɓarawo, ya tsaya a kaina ya jira waya ta yi masa magana. Yau kuma ka zo ka ce mini ya yi wa benci jawabi. Benci ya ji, kai ka ji, ni ban ji ba."

Ta goge hannu ta shiga ɗaki. Ta fito da tsohuwar wayar, an ɗaure bayanta da roba, ta cusa mini a aljihun kwat.

"Me zan yi da ita?"

"Kai ta rumbunka ta riƙa tashin ɓeraye. Tunda bakin Aulis yana aiki, ya yi aikinsa."

"Ai sai ya koma buga miki kofi a tebur."

"Na shimfiɗa tsumma ninki huɗu," ta ce, ta koma kan ƙullinta.

Abin da ya faru ranar Lahadi ita ta ba ni labari, don haka in akwai ƙari ba nawa ba ne. Ƙarfe shida saura minti ɗaya ya shigo da gahawa. Ya ajiye kofi, ba ƙara. Ya ɗaga ya sake ajiyewa da ɗan ƙarfi, tsumma ya shanye. Shida ta yi, ɗaki shiru. Ya duba tebur, ya duba ƙarƙashin gado, ya ɗaga gefen matashi a hankali. Ita kuwa tun ƙarfe biyar take a farke, ido a rufe, tana cizon leɓe a ƙarƙashin bargo. Ya tsaya a gefen gadon har gahawa ta huce. Shida da minti ashirin ta ji ya yi gyaran murya.

"Tuovi."

Ba ta motsa ba.

Ya zauna a bakin gadon, ya ɗora hannu a kafaɗarta. 

"Tuovi, tashi. Gari ya waye, kuma ina nan."

Ƙarya yake yi, a Fabrairu gari ba ya wayewa sai wajen takwas, waje baƙi ƙirin ne. Amma ta buɗe ido.